Yadda Ake Buɗe Famfon da Ba a Jawo wa Ruwa Ba

Idan ma'aikatar ruwa ta gina maka famfo a jikin katanga, ta shafa masa fenti, ta ɗaura masa kan tagulla mai ƙyalli, ta kuma sa ranar da babban Direkta zai zo ya buɗe shi a gaban jama'a, alhali bututun da zai kawo ruwan yana can kwance a Agoè ciyawa ta rufe shi, to ka kwantar da hankalinka. Ka bi wannan bayani daki-daki. Na yi maka alkawari famfon zai zuba, Direkta zai sha, kai kuma ba za ka shiga motar jandarma ba. An gwada hanyar nan a sabon Zango na Lome, shekarun da aka tashe mu daga tsakiyar gari aka kawo mu nan bayan Agoè. Wanda ya gwada ta, Alassani, yana nan da ransa da haƙoransa, ban da guda ɗaya da ƙashin rago ya cire masa, wannan kuwa ba laifin gwamnati ba ne.

Mataki na 1: Ka karɓi hular, amma ka leƙa cikinta

Ba a ba mutum tsaron famfo don ya san ruwa. Ana ba shi ne don famfon ya jingina da gidansa. Haka ta faru da Alassani, mai gyaran fitila da risho, mutum marar hayaniya wanda bai taɓa neman komai a wurin hukuma ba. Wata safiya magina suka kafa ginshiƙin siminti a bayan katangarsa suka tafi. Da fentin ya bushe sai ga Misye Agbeko a kan ɗan babur ɗin nan mobilet, wani ƙaramin ma'aikaci daga ma'aikatar ruwa da tsafta, siriri, mai yawan share zufa da hankici. Ya kawo hular kaki da kwaɗo da makulli.

"Misye Alassani, daga yau kai ne mai tsaron famfon Zango. Gwamnati ta yarda da kai."

"Na gode, Shef. To ruwan fa?"

"Ruwa yana hanya."

"Ya taso ke nan?"

"Yana shirin tasowa."

Alassani ya sa hular, ta zauna masa kamar an gwada. Ya zaga da ita kasuwa ba don yana da abin saye ba. Mahauta suka fara kiransa Sarkin Ruwa, shi kuma yana cewa su bari, da irin muryar da ke nufin su ƙara. Ka lura da kyau: hula tana toshe inda tunani ke shan iska, shi ya sa hukuma ke raba ta kyauta.

Daɗin bai daɗe ba. Misye Agbeko ya dawo, wannan karon ko mobilet ɗin bai kashe ba. Ya ce Direkta da kansa zai zo ranar bukin Jam'iyya ya buɗe famfon, da ɗan rediyo, da jandarmomi masu rakiya.

"Amma Shef, bututun yana Agoè. Na gan shi da idona, kaza ta yi ƙwai a ciki."

"Ni ban gan shi ba. A ofis an ce an gama aiki, wanda ya ce an gama kuwa ya fi ni, ya fi ka." Ya share wuya. "Ɗan'uwa, bari in gaya maka a fili. Idan Direkta ya murɗa famfo a gaban rediyo iska ta fito, ba za a ce babu bututu ba. Za a ce wani ya yi zagon ƙasa. Wanda makulli ke aljihunsa kuma shi ake fara tambaya."

A zamanin nan Jam'iyya ɗaya ce, kowa ɗanta ne tun yana goye. Wanda aka kira mai zagon ƙasa mota ke zuwa ta ɗauke shi, matarsa ta yi ta yawo da kwanon abinci ba ta san ƙofar da za ta kai ba. Alassani ya cire hular ya leƙa cikinta. Abin da na ce ka yi tun farko ke nan.

Mataki na 2: Ka kara kunne a bakin famfon

Kafin ka yi ƙarya da abu, ka san halinsa. Ka buɗe kwaɗon, ka murɗa kan, ka durƙusa ka saurara. Famfon da bai taɓa ganin ruwa ba, ba shiru yake yi ba. Yana da wani gurnani can ƙasa-ƙasa, irin wanda ake ji a Baguida idan teku ta kwanta masunta suna ɗinkin koma. Na daɗe ina tunanin wannan al'amari. A ganina duk wani rami da ke ƙasar Lome yana da labarin teku, ko an haɗa shi da ita ko ba a haɗa ba. Malaminmu na lekol, kafin in bar karatu in bi motar goro, ya ce iska ce kawai. Amma shi bai taɓa durƙusawa ba.

Alassani ya saurara har wuyansa ya ƙage. Can ya ji motsi. Ashe wata tsaka ta riga kowa tarewa a ciki. Ya hura iska a bakin famfon, sai ga ta ta fito ta baya, ta wani ɗan guntun ƙarfe da magina suka bari yana kallon katanga, yana jiran bututun Agoè. Alassani ya auna da tafin hannu. Tsakanin guntun ƙarfen nan da cikin gidansa babu komai sai kaurin bulo.

Idan ka samu tsaka a naka famfon, kada ka kashe ta. Injiniya ce, takarda kawai ta rasa.

Mataki na 3: Ka nemi ganga, ka ɗora ta sama

Ruwa malalaci ne. Ba ya hawa, sai gangara. Duk ilimin ma'aikatar ruwa, da motocinta da ofisoshinta masu bene, a kan wannan magana ɗaya ya tsaya. Sauran Faransanci ne.

Saboda haka ka jera bulo a cikin gidanka har su wuce tsayin famfon, ka ɗora gangar ƙarfe a kai, ka huda gindinta, ka sa tiyo, ka fasa katanga ka haɗa tiyon da guntun ƙarfen. Amma ka sansana gangar tukuna. Wadda ta taɓa ɗaukar kananzir ba ta mantawa har abada, wadda ta ɗauki manja kuma tana tunawa daidai lokacin da ba a so.

Alassani yana tsakiyar fasa katangar sai matarsa Meimuna ta dawo daga tallan koko. Mace ce mai jiki, mai murya, wadda idan ta yi raɗa maƙwabta ke amsawa. Ta ajiye tukunya ta riƙe ƙugu.

"Baban Assana, ɓarayi sun yi kaɗan ne ka shiga taya su?"

Ya gaya mata komai, har da maganar mota. Ta leƙa ramin da ya fasa.

"Wato gwamnati za ta ba mu ruwa, amma mu za mu ɗebo mata."

"Aro ne, Maman Assana. Na yini ɗaya."

"Da sun haɗa maka hular da jaki, da na ce sun yi tunani."

Ta faɗi haka tana ɗaure zani. Ta tara matan layi ta ce musu ruwan girkin baƙi ake so, suka yi ta safara daga kogin Ziyo, kowa da kwano a ka. Aka tace da ƙyalle, aka jefa alif ya kwantar da laka. Ganga kuwa cikinta ya fi yadda take nunawa daga waje. Sai da Meimuna ta juye mata har abin da ke randar ɗaki kafin ta cika. Ta ce ko duba-garin ma'aikatar ya zo da ludayinsa neman 'ya'yan sauro, yau sai dai ya ƙwanƙwasa gindin randa ya tafi.

Ka gwada sau ɗaya kawai, da ɗan moɗa. Alassani ya zagaya waje ya murɗa, ruwa ya zubo fari tas. Ya tsaya yana kallo, zuciyarsa ta cika da godiya ga gwamnati, sai da ya tuna. Ka kula da wannan haɗari. Ƙaryar da aka yi wa aiki mai kyau, mai ita take fara kamawa.

Mataki na 4: Kada ka gaya wa tsofaffi

Musamman surukinka. Na Alassani shi ne Alhaji Garuba, mahaifin Meimuna, tsohon dillalin shanu. Mutumin kirki ne, sai dai cikinsa ba ya riƙe magana. Ba tsegumi yake yi ba, gaisuwa ce ke kwashe shi. A ce masa ina gida, sai ya faɗi duk abin da ke gidan har da na ƙarƙashin gado. Ga shi bai iya ƙarya ba, a sana'ar dillanci ma abin mamaki ne yadda ya ci abinci.

Ana gobe buki ya zo yana dogara sanda, ya tsaya gaban famfon ya ƙare masa kallo kamar zai yi cinikin bijimi. Alassani ya durƙusa, idonsa a ƙasa.

"Alassani, an ce ruwan ya iso?"

"Ana sa rai, Baba."

"Madalla. Tun da aka kawo mu dajin nan nake auna alwala kamar mai auna turare. Ni dai in ga ruwa na gudu a unguwar nan in sa ƙafata a ciki, sai in ce na tare."

Alassani ya ce Allah ya nuna mana, ya raka shi har kwana.

Masu nazari a rumfar mai shayi sun rabu a kan wannan mataki. Wasu sun ce shi ne babban kuskuren Alassani. Gaskiya ne kuskure ne. Duk da haka ka yi shi yadda ya yi shi, domin akwai kuskuren da ke tsare ginin kamar ginshiƙi, in ka gyara shi rufin ya faɗo maka.

Mataki na 5: Ranar buki ka tsaya inda aka tsayar da kai

Za a kafa rumfa a filin da ke fuskantar famfon, a jera kujeru, a ɗaura ƙyalle mai launi a gaban ginshiƙin don Direkta ya yanke. Za a ce ka cire kwaɗon tun da wuri, kada babban mutum ya tsaya kokawa da makulli. Matan animasiyo za su zo, wato masu rawa da waƙar yabon Jam'iyya, duk cikin atamfa iri ɗaya, su yi sahu tsakanin rumfar da famfon suna juyi suna tafi har ƙasa ta ɗauki zafi.

Misye Agbeko ya iso da hankici sabo. Ya tambayi Alassani abu ɗaya.

"Zai fito?"

"Zai fito, Shef."

"Kada ka gaya mini ta yaya."

Ya ɗora masa faranti a hannu, da almakashi da kofin gilashi a kai, ya tsayar da shi kusa da kujerar Direkta.

"Nan za ka tsaya. Kada ka motsa, kada ka yi magana. Ko ƙuda ya shiga hancinka ka bar shi, shi ma ɗan Jam'iyya ne."

Meimuna kuwa tana cikin gida kusa da gangar, tana gadin tiyo kada ya lanƙwashe, ita da matan da ke shirya abin da za a ba baƙi.

Direkta bai iso ba sai da rana ta take tsaka. Babban mutum ne mai tabarau, cikin kwat duk da zafin nan. Aka fara jawabi. Ka sani a Lome kowane jawabi ana cinsa har hawa uku, a yi shi da Faransanci, a mayar da harshen Mina, a juya da Hausa, kuma kowane tafinta yana ƙara nasa gishirin. Direkta ya yi bayanin ruwa tun daga girgije. Ya yabi ma'aikata da injiniyoyinta da bututun da ya ce sun shimfiɗa cikin dare da rana. Bai kai ga Zango ba tukuna tsofaffin da ke sahun gaba suka fara duban inuwa. Azahar ta yi.

Mataki na 6: Kada ka hana surukinka alwala

Alhaji Garuba ya girgiza butarsa, ba ko ɗigo. Ya tashi a hankali, ya bi ta bayan masu rawa, ya sunkuya ya wuce ƙarƙashin ƙyallen da aka ɗaura, ya ce bismilla ya murɗa famfon don ya gani. Ruwa ya zubo masa a kan takalmi.

Tsohon ya tsaya kamar wanda ya haɗu da ɗan'uwan da aka ce ya mutu. Sannan ya naɗe hannun riga. Da ya wanke fuska sai ya ɗago ya yafuto liman. Liman ya taɓa na kusa da shi, na kusa ya taɓa na gaba. Sahun tsofaffi ya fara raguwa ɗaya bayan ɗaya, kamar haƙoran mataji.

A nan akwai ilimin da ba a koyarwa a ma'aikata. Alwalar mutumin da ke tsiyaya daga buta daban, alwalar mutumin da ya ga famfo na gudu bayan doguwar rabuwa daban. Ba wanda ya rufe famfon tsakaninsa da na bayansa, don rufewa kamar rashin godiya ne. Wani ya wanke ƙafa har gwiwa. Wani ya jiƙa hula ya mayar. Wani mai hangen nesa ya cika butarsa saboda la'asar, ya kuma cika ta maƙwabcinsa da bai samu zuwa ba.

Alassani yana hango su ta tsakanin kafaɗun masu rawa. Ya yunƙura zai nufe su, almakashi ya bugi gilashi, ƙil.

"Me ya same ka?" Misye Agbeko ya tambaya ta gefen baki.

"Jawabin ne ya shige ni, Shef."

Ba shi da ikon motsi, Direkta na magana. Ko da ma an sake shi, me zai je ya ce? Ba a haifi ɗan Zangon da zai riƙe hannun surukinsa a tsakiyar alwala ba. Kai ma kada ka gwada. Jandarma yakan saki mutum wata rana, wannan abin kunya kuwa har jikoki sai an gaya musu.

Mataki na 7: Ka auri mace mai saurin hannu

Wannan ya kamata ya zo a farko, amma sai a nan ake gane amfaninsa.

Meimuna tana jin ruwa ya fara tafiya a tiyo ta ɗauka Direkta ne ya buɗe. Ta rangaɗa guɗa. Masu rawa suka ɗauka jawabin ake yi wa, suka amsa, Direkta ya ji daɗi ya ƙara tsawo. Sai ta lura har yanzu muryarsa na fita a lasifika, mutum kuwa ba ya jawabi a rumfa yana murɗa famfo a bayan gida. Ta kifa turmi ta hau, ta leƙa ta kan katanga. Ga mahaifinta ya dawo zagaye na biyu, ƙafarsa a ƙarƙashin ruwa, fuskarsa kamar ranar salla.

"Baba! Baba, ku bari, na Direkta ne!"

"Na'am? Ke ce Meimuna? Kin ga ikon Allah! Sanyi kamar na randa."

"Baba, na ce na Direkta ne, bai buɗe ba tukuna!"

"To ai ga shi a buɗe. Shi Direktan ya yi azahar ne? A ce masa ya zo, akwai wuri."

Ta sauko ta ƙwanƙwasa gangar. Gangar ta amsa da muryar da babu komai a cikinta. Daidai nan tafi ya ɓarke a fili, jawabi ya ƙare, makaɗa suka juyo suka nufo famfon.

Ta dubi randa, ƙaf. Ta dubi bokitai, ƙaf. Abu mai ruwa ɗaya ne ya rage a gidan, wato ƙaton baho na lamurje da ta haɗa wa baƙi, jiƙon tsamiya da citta da kanumfari da sukari da ɗan barkono, ga dutsen ƙanƙara yana iyo a tsakiya. Ta fizge ɗankwalinta ta shimfiɗa a bakin gangar ya zama mataci.

"Ku kama mini!"

Maƙwabciyarta Fatouma ta dafe ƙirji. "Meimuna, kin haukace? To me baƙin za su sha?"

"Shi za su sha, hanya ce kawai ta canja. Ki kama, ko kuwa ke za ki riƙa raka ni yawon kai masa abinci?"

Fatouma ta kama.

Mataki na 8: Ka bar Direkta ya haɗiye kafin ka yi numfashi

Direkta ya iso gaban famfon, Alassani na biye da faranti. Ƙasa ta zama caɓi. Tsofaffi sun jeru a gefe da gemu a jiƙe, suna murmushi irin na waɗanda suka riga kowa cin biki. Direkta ya dubi lakar da ta kama takalminsa.

"Gwaji ne, Misye Direkta," in ji Misye Agbeko. "Injiniyoyi sun yi gwaji."

Aka yanke ƙyalle. Ɗan rediyo ya kai abin maganarsa bakin famfon don ƙasa duka ta ji. Direkta ya murɗa.

Famfon ya yi tari. Ya ja dogon numfashi. Ya sake tari, ƙasa duka ta ji. Sajan jandarma, wani gajere mai faɗin kafaɗa, ya juyo a hankali ya dubi hular kakin da ke kan Alassani. Alassani ya ji kansa yana tunanin wata fitilar da ya kwance da safe bai mayar ba, ko wa zai haɗa wa mai ita.

Sai famfon ya zubo. Ja-ja, ƙasa-ƙasa, da kumfa a kai.

Ƙamshin citta da kanumfari ya tashi ya bi sahu. Babu ɗan Zangon da bai san ƙamshin nan ba tun yana rarrafe, kuma tun da aka kafa Zango ba a taɓa yin shiru irin na lokacin ba. Liman ya shiga duban sama. Alhaji Garuba ya buɗe baki zai yi magana, na kusa da shi ya cusa masa goro.

"Tsatsar sabon bututu ce, Misye Direkta," in ji Misye Agbeko. "Da fari haka yake yi."

Alassani ya tara kofin ya cika, ya miƙa da hannu biyu. Direkta ya zuba kaɗan a ƙasa saboda kakanni, kamar yadda mutanen bakin teku ke yi, ya ɗaga sauran ya duba ta hasken rana.

Ga sirrin aikin duka, ka riƙe shi. Babban mutum a gaban rediyo hanya biyu gare shi, ya haɗiye ko ya tofar. In ya tofar, aikin ma'aikatarsa ya tofar, wanda ya gama yabo da harshe uku. Tun da kofin ya taɓa leɓensa, ku biyu ne a cikin ramin, kuma shi ya fi ka nauyi.

Direkta ya kurɓa. Maƙogwaronsa ya hau ya sauka. Idanunsa suka yi ja, hawaye ya taru, ya cire tabarau.

"Jama'a, Misye Direkta yana hawaye!" in ji ɗan rediyo.

Direkta ya gyara murya ya ce ya buɗe famfuna a wurare da dama, amma bai taɓa shan ruwan da ya ratsa shi kamar na Zango ba. Ganguna suka ɗauka, mata suka yi guɗa, sajan ya mayar da idonsa inda ya ɗauko shi. Direkta kuwa ya sake tara kofin a bakin famfon ya cika. Wannan na biyun ba ya cikin tsarin buki.

Mataki na 9: Kada ka ƙi a ɗebi samfur

Cikin hayaniyar Direkta ya miƙa wa Alassani hannu, ya riƙe bai saki ba. Ya sunkuyo ya yi magana da Hausar da ya koya lokacin da ya yi aiki a arewa.

"Mai famfo."

"Ranka ya daɗe."

"Citta ta yi daidai. A rage barkono."

Direkta ya ƙara matse hannun.

"Hannun wa ne?"

"Iyalina ne, ranka ya daɗe."

"To. Wannan ruwa yana bukatar bincike mai zurfi. Direbana zai riƙa zuwa duk mako da jarka, ya ɗebi samfur a kai ofis. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

Alassani zai bar maganar a nan, don mutumin da aka sauke daga bakin mota ba ya ciniki. Sai katanga ta yi magana.

"Baban Assana! Ka gaya wa baƙon da ruwa ake haɗa samfur. Ni na gama hawa da sauka Ziyo, wuyana ba na gwamnati ba ne."

Raɗa ta yi, amma na gaya maka irin raɗanta. Direkta ya dubi katangar na ɗan lokaci. Ya mayar da tabaransa. Ya juya ya faɗa wa Misye Agbeko wata gajeriyar magana da Faransanci, Misye Agbeko ya ce wi, Misye Direkta, ya matse hankicinsa har ya ɗiga.

Tun daga makon nan motar tankin ma'aikata take shigowa Zango kafin direban ya zo, ta cika gangar Meimuna. Tanki kuwa cikinsa babba ne, kuma ba a mayar da ruwa ofis. Saboda haka abin da ya rage, wato kusan duka, yana ƙarewa a kwanonin mata da randunan masallaci da butar Alhaji Garuba, wanda har yau yake gaya wa baƙi cewa ya taɓa ganin famfo ya canja hali tsakanin azahar da la'asar.

Binciken bai ƙare ba. Da alama ruwan yana da wuyar ganewa, don jarkar sai girma take yi, lokacin Kirsimeti ma ofis yakan bukaci ƙari.

Wata yamma dai abin da ake tsoro ya faru. Motar jandarma ta tsaya a ƙofar Alassani, sajan nan mai faɗin kafaɗa ya sauko ya yi sallama da ƙarfi. Layin ya watse, Alassani ya fito yana salati. Sajan ya duba hagu, ya duba dama, ya zaro kwalba daga cikin rigarsa, ya ce a barikinsu ma an fara shakkar ruwan nan, shi kuma nasa samfurin kada a rage barkono.

Gargaɗi

Mai wannan bayani bai san ka ba, bai san famfonka ba, bai kuma taɓa gaisawa da surukinka ba. Idan matarka ta juye koko ya toshe tiyo, tsakaninku ne. Idan abin da ya rage a gidanka ruwan wanki ne, ka nemi wani malamin. Idan naka Direktan yana da gyambon ciki, ko yana cikin mutanen nan da ba sa iya haɗiye abu don kunya, to ka yi wa iyali sallama tun da safe, ka sa riga mai kauri. In aka kama ka kada ka ambaci sunana, ka ce a rediyo ka ji. In kuma aka zo aka tambaye ni, zan dafa littafi in rantse cewa ranar ina cikin sahun da suka yi alwala, kuma abin da ya taɓa fuskata ruwa ne.